Ƙwan Fitila a Sakin Layi na Biyar

Kafin Malam Muhyiddeen ya buga sunan wanda zai rubuta wa wasiƙa, sai ya ɗaga hannu ya gyara zaman hularsa. Ba ya yin haka in zai buga jadawalin aiki ko jerin magunguna. Sai wasiƙa. Shekara shida yana zaune a teburin da ke bayan ƙofa a wani ƙaramin asibitin ido a Masaka, a gefen Abuja, mutane na shige da fice ta gabansa, babu wanda ya kula. Shi kansa in an tambaye shi musawa zai yi. A wurinsa buɗe wasiƙa sallama ce a ƙofar gidan mutum, kuma ba a shiga gidan mutane da hula a karkace.

Ɗan Tudun Wadar Zariya ne, mahaifinsa maɗinki. Turanci kuwa a sakandare ya kama shi, a hannun wani malami mutumin Gana, Mista Leonard, wanda ke sa su haddace kalma goma daga ƙamus kowace safiya. Sauran yara sun yi don tsoron bulala, suka manta da an tashi jarrabawa. Shi ya ci gaba har ya ƙure littafin. Ya kama aikin sakatare a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Legas, aka dawo da su Abuja tare da fayil-fayil, ya yi haya a Durumi har ranar da aka rushe layinsu, sannan ya haɗa abin da ya samu ya gina ɗaki uku a Masaka. Shekara talatin da biyar daraktoci suna sa hannu a kan wasiƙunsa ba tare da sun karanta ba, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa dawo da takarda an ce akwai gyara ba. Wannan ne kaɗai abin da yake alfahari da shi a duniya, in ka cire 'ya'yansa.

Da ya yi ritaya zaman gida ya gagare shi. Sista Magdalena, wata nas 'yar Filato wadda ke riƙe da asibitin idon, tana neman wanda zai ɗauke mata rubuce-rubuce, sai ya zo. Babban aikin shi ne wasiƙa tsakaninsu da Dokta Hannah, wata Baturiyar Ingila da ke zuwa kowace shekara ta yi mako biyu tana cire wa mutane yanar ido kyauta.

A nan Malam Muhyiddeen ya gamu da abin da bai taɓa zato ba. Ya ɗauka in dai ya kai ga rubutu da 'yar asalin harshen, to zai ga Turanci a gidansu, da rawani da alkyabba. Saƙonta na farko layi biyu ne. Ta kira sunansa gatsau, babu Malam babu Mista, kamar tare aka yi musu kaciya. Ba ta tambayi iyali ba. Kalmominta ƙanana ne, irin waɗanda ake koya wa 'yan aji uku, wata jimlar ma ba ta kai ƙarshenta ba ta saki ta kama wata. A ƙasa ta sa harafin farko na sunanta kawai.

Tun daga ranar yake buga kowane saƙonta a takarda, ya bi shi da fensir yana ja wa kurakurai layi, ya adana a fayil. Ba don ya nuna wa kowa ba. Hannunsa ne ba ya iya barin su haka.

Matarsa Lantana ce ke shan ƙorafin. Yakan ce mata a duba fa, likita ce, ta yi karatu mai zurfi, amma in da a ajin Mista Leonard ta miƙa irin wannan takarda da ta wuni a durƙushe. Wata rana da abin ya ishe ta sai ta ce, "To Malam, ita a nono ta sha shi, kai a ƙamus ka haddace."

"Shi ya sa ba ta san darajarsa ba. Wanda aka haifa a bakin kogi ba ya tattalin ruwa."

Lantana ta ce ai kuwa wanda ke tattalin ruwa bai taɓa iya iyo ba, ta ɗauki kwanukanta ta fice.

A cikin watan Agusta ƙwan fitilar na'urar da ake duba ido a ƙarƙashinta lokacin aiki ya ƙone. Ɗan abu ne da bai kai babban yatsa ba, amma in babu shi babu aiki. Na'urar tsohuwa ce. Aka cigita a Abuja, aka buga waya Kano da Legas, babu irinsa. Hanya ɗaya ta rage, Dokta Hannah ta taho da shi a jakarta ranar sha huɗu ga Oktoba. Sista Magdalena ta leƙo ta ce Baba Sakatare ya sanar da likita, ta koma wajen marasa lafiyarta.

Mutum sittin da huɗu ne a jerin masu jiran aiki. Sunan farko na Alhaji Ɗangoggo ne, dillalin shanu a kasuwar Dei-Dei, wanda a da daga nesa yake ƙiyasta sa da ido ya faɗi nauyinsa, yanzu kuwa sai ya lalube shi da hannu. Malam Muhyiddeen ne da kansa ya je har kara ya raba shi da wani mai bi gida-gida yana ture wa mutane yanar ido da allura. Ya dafa ƙirji ya ce masa ya yi haƙuri zuwa Oktoba, shi ya ɗauki alkawari.

Ya zauna ya rubuta wasiƙar, kuma ko maƙiyinsa ba zai ce ba ta yi kyau ba. Sakin layi na farko gaisuwa ne da fatan tana lafiya ita da iyalinta. Na biyu godiya kan aikin bara, har da labarin wata tsohuwa da ta ga fuskar jikarta karon farko. Na uku ya ba ta labarin damina da yadda ruwa ya cinye hanyar Keffi. Na huɗu ya nemi afuwa kan damunta da zai yi alhali ya san irin ɗawainiyar da ke kanta. A na biyar ne ya ce, in ba zai zama nauyi ba, kuma in dama ta samu, wataƙila za ta so ta san cewa wani ɗan ƙaramin ɓangare na na'urar ya daina aiki kamar yadda ake fata. Na shida addu'a.

Ba ganganci ya yi ba. Haka ya ga mahaifinsa na yi. In tsohon zai je neman alfarma gidan wani, sai ya zauna a zaure, a gaisa, a sha ruwa, a taɓa hirar gona da ta kasuwa, ya yi sallama ya tashi. Sai mai gida ya rako shi sun kai bakin hanya sannan zai juyo ya ce af, ya kusa mantawa. Mai gidan ma ya san da ma abin da ya kawo shi ke nan, shi ya sa ya yi rakiyar. Mutumin da ya zube buƙatarsa tun daga ƙofa ko dai mahaukaci ne ko ɗan sanda.

Amsa ta zo washegari. Ta ce ta ji daɗin ganin saƙonsa, sai sun haɗu a Oktoba. Shi ke nan.

Ya karanta sau uku. A duniyar da ya yi shekara talatin da biyar a ciki, in babba ya amsa gaisuwarka ya tsallake buƙatarka, to ya gani sarai, so yake ka gane da kanka cewa ka yi gaggawa. Don haka da Sista ta tambaya sai ya ce an sanar da ita, ana kan magana. Ya bar mako biyu ya wuce don kada a ce ya matsa, sannan ya sake rubutawa. A wannan karon ya ƙara ban haƙuri, ya ƙara yabo, har maganar ƙwan ta gangara zuwa sakin layi na shida. Ta amsa da cewa ya kyauta, tana ɗokin ganin kowa. Ta uku ta kai shafi biyu. Duk sanda abin ya ƙara matse shi, sai ya ƙara lulluɓe shi, kamar mai ɗauke da ƙwai a kan hanyar gargada. A kan ta ukun ma ɗan hoton hannu mai ɗaga babban yatsa ta aiko. Ya buga shi a takarda ya rasa inda zai ja wa layi.

Saura kwana tara, da hantsi, Alhaji Ɗangoggo ya iso a bayan mashin. Ya shigo yana laluben bango, ya kama hannun Malam Muhyiddeen, ya bi damtsen da yatsu har kafaɗa yadda yake yi wa shanu.

"Sakatare, ka rame. In da sa ne kai da ban taya ba."

"Alhaji, ai kai yanzu ko jaki aka kawo maka cewa za ka yi bijimi ne."

"Shi ya sa na zo. Baturiyar taka tana nan zuwa dai?"

Malam Muhyiddeen ya ce tana nan zuwa da yardar Allah. Alhaji ya ba shi labari cewa mai allurar nan ya sake zuwa ranar Juma'a, ya kore shi a gaban mutane, ya ce masa shi yana da mutum a asibiti wanda Turawa ke tashi tsaye in sun ga wasiƙarsa. Ya kuma riga ya damƙa wa abokin sana'arsa harkar kara ta mako biyu. Abin da ya zo tambaya kawai shi ne ko za a bar shi ya ci tuwo a daren da za a wayi gari a yi aikin.

Sista Magdalena na tsaye a bakin ƙofa tana jin su. Da mashin ya tashi sai ta juyo ta tambayi me likita ta ce game da ƙwan. Ya ce ba ta ce komai ba tukuna. Ta tambayi me yake nufi da tukuna, wata biyu ke nan. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta wasiƙun.

A tsaye ta karanta, tana bin layi da yatsa. Ta juya shafi. Ta dawo baya.

"Baba Sakatare, ina ƙwan yake a nan?"

"Sakin layi na biyar."

Ta gano wurin, ta karanta a hankali, ta ɗago. "Wannan ne? Ni da na san abin da nake nema ma na wuce shi sau biyu. Ka ba ta labarin ruwan sama. Matar da ke Ingila ka ba labarin ruwan sama."

Ya fara yi mata bayanin tsarin wasiƙa, yadda kowane sakin layi ke share wa na gabansa hanya. Ba ta bari ya kai ƙarshe ba. Ta ce shekara shida tana aiki kusa da matar nan, ta ga yadda take karanta saƙo: a waya, a tsaye, tsakanin mara lafiya da mara lafiya, safar hannu ɗaya a cire. Abin da ya fito a fuskar wayar shi ne saƙon. In ta ga gaisuwa, to gaisuwa aka aiko. Su a can mai buƙata ba ya jiran rakiya, don babu mai raka shi.

"Layi uku nake so. Ƙwai ya ƙone. Babu shi a Najeriya. In ba ki zo da shi ba babu aiki."

"Sista, wannan ai ba wasiƙa ba ce. Sammaci ne."

"To a kai mata sammaci. In azahar ta yi ba ka aika ba zan aika da kaina, kuma daga yau ni zan riƙa rubuta mata."

Ya san Turancin Sista. Na kasuwar Masaka ne da aka sa wa farar riga. Tunanin a ce shi zai fita da sunan asibitin ya fi barazanar kanta yi masa ciwo. Ya ja kujera.

Ya ɗauka aikin minti biyu ne. Mutumin da ya rubuta wa ministoci jawabi, layi uku ne zai gagare shi? Ya buga na farko, ya ga ya kai layi tara. Ya datse, ya koma bakwai. Duk kalmar da ya cire sai ya ji kamar ya tuɓe wa wasiƙar riga a tsakiyar kasuwa. Da ya tuɓe ta duka kuwa, abin da ya rage ya fito kamar umarnin soja.

Sai ya jawo fayil ɗin saƙonninta, wanda ya cika da alamun fensir, don ya kwaikwayi yadda take yi. A nan ransa ya ƙara ɓaci. Sau da yawa ta nemi abu a wurinsa cikin layi biyu, kuma da ya sake dubawa yanzu, babu inda ta yi kama da mai ba da umarni. Akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi da take saƙalawa nan da can, irin waɗanda ya sha ja wa layi a matsayin shara, ashe su ne ke sassauta maganar. Ya san ma'anar kowace ɗaya. Bai san inda ake ajiye su ba. Ya gwada sa ɗaya a farko, ta zama raini. Ya mai da ita ƙarshe, ta zama roƙo irin na mabaraci. Yana da hanya goma sha biyu ta neman alfarma a gaban darakta, amma ba shi da ko ɗaya ta ce wa abokin aiki don Allah miƙo min wancan. Mista Leonard bai koyar da wannan ba, ƙamus ma ba ta da shafinsa. Turancinsa gida ne mai katafaren falo amma babu kicin.

Minti arba'in ya yi a kai. Da ladan ya fara gyaran murya a masallacin bayan asibiti, sai ya goge duk ƙoƙarin sassautawar, ya bar maganar tsirara kamar yadda Sista ta faɗa, ya sa sunansa, ya kau da kai ya danna. Ya tashi ya je alwala kamar wanda ya zagi surukinsa.

Kafin ya dawo daga salla amsa na jiransa. Ita ce mafi tsawo da ta taɓa aiko masa, layi shida. Ta ce ta shiga uku, me ya sa babu wanda ya gaya mata tun da wuri? Kamfanin da ke yin ƙwan sai ya ɗauki mako uku, ba zai yiwu ba, amma za ta bi abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta nemi gafara: wasiƙunsa uku na baya ba ta karanta su har ƙarshe ba. Da ma haka take yi kowace shekara, tana tara su wuri guda sai ta shiga jirgi ta karanta a natse, don sun fi ƙarfin a karanta su a tsaye. Tun rasuwar kakanta ba ta ga mai rubutu irin nasa ba.

Ya daɗe yana kallon layin ƙarshen. Bai iya yanke hukunci ba ko yabo ne ko kuwa an ce masa ya tsufa.

"Ta ce me ya sa ba a gaya mata ba," ya ce wa Sista, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sau uku. Shafi biyar."

"Ka gaya wa jirgi dai."

Daga nan har la'asar bai taɓuka komai ba. Ya jera takardun da suke a jere, ya feƙe fensir da bai buƙaci fiƙa ba. Jerin sunayen da ya rubuta da hannunsa na manne a bango daidai saitin idonsa, na Alhaji Ɗangoggo a sama. Ya yi ta tunanin yadda zai shiga karar Dei-Dei ya tsaya gaban mutumin da ya kori mai allura saboda shi. A wane sakin layi zai sa wannan?

Ana saura kaɗan a tashi saƙo na biyu ya shigo. Ta samo guda ɗaya tak a kabad ɗin wani tsohon likita da ya daina aiki, a wani gari mai tafiyar awa uku. Ranar Asabar za ta tuƙa ta ɗauko. Guda ɗaya ne, babu na ko-ta-kwana, don haka kada kowa ya kunna na'urar kafin ta iso, kuma a duba janareto.

A ƙasa ta ƙara wani abu. Ta ce saƙonsa na yau bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Bai gaishe ta ba, bai tambayi kowa ba. Ko ta yi masa wani laifi ne? In fushi yake da ita ya gaya mata.

Sista Magdalena ta karanta ta saman kafaɗarsa. Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta zauna a kan benci tana share ido da gefen rigarta. Ta ce yau kam ta ga abin da ya fi ƙarfin magani. Malam Muhyiddeen bai yi dariya ba. Shekara shida matar nan tana aiko masa da irin wannan saƙon yana haɗiyewa, shi kuwa rana ɗaya ya yi, har an tambaye shi ko lafiya.

Ya ce zai ba ta amsa gobe, yadda ya kamata, kuma kada Sista ta sa masa baki a tsawonta. Sista ta ce ya rubuta littafi ma in ya ga dama, amma duk abin da ya ƙone a asibitin nan a layin farko za ta gan shi.

Ya kira Alhaji Ɗangoggo ya ce masa ya zo ranar sha biyar da sassafe, tuwon dare kuma babu laifi amma kada ya karya. Ya kashe kwamfuta, ya lulluɓe ta da ƙyallenta. A bakin titi igiyar takalminsa ta dama ta tsinke, sai ya ratse wajen mai gyara, ya zauna a kan benci da ƙafa ɗaya a ƙasa yana jira a ɗinke.